Teofil da Shanunsa Masu Iyo

Teofil ƙanin mijina ne, kuma tun ranar da aka kawo ni gidansu a Sitowo muke faɗa da shi. Miya ta yi gishiri, ni ce. Kaza ta shiga lambunsa, ni ce. Yayansa, wato mijina, ya rasu, matarsa Regina ta bi baya, 'ya'ya suka watse birni, aka bar ni da shi, shinge ɗaya tsakaninmu, kullum muna cacar baki ta samansa. Ya haura saba'in, gajere ne mai faɗin kafaɗa da taurin kai. In ka cire shekarun da aka ɗebe shi soja, bai taɓa kwana inda ba ya jin kukan kwaɗin kogin Biebrza ba. Ga abin dariya kuma, mutumin da aka haifa a bakin ruwa ko kusa bai iya iyo ba. Shanunsa ne suka iya.

Ƙauyenmu a kan tudun yashi yake, ba abin da ke yin kirki a ciki sai dankali. Ciyawa tana ƙetare, a fadama. Saboda haka daga narkewar ƙanƙara har sanyi ya dawo, shanu kan yi iyo su haye da safe, su iyo iyo su dawo da yamma a tatse su. Ba a kora su, ba a dukansu. Uwar garke ce ke fara shiga, sauran su bi wutsiyarta. Ita ta san inda za ta faɗa ruwan ya ɗauke ta ya dire ta daidai kan mashigi mai tsakuwa, don hagu da daman mashigin nan taɓo ne da ke haɗiye abu. Ina amarya shanun garin nan sun fi ɗari, in suka shiga ba ka ganin komai sai ƙahoni da hanci. A ƙarshe huɗu suka rage, duk na Teofil: tsohuwar uwar garkensa Malina, da ƙanana uku da yake kira 'yan mata.

Na yi masa magana har bakina ya gaji. Yadda ake yi tun kakanni, in uwar garke ta fara tsufa, sai a riƙa tsare ta a gida lokacin da ruwa ya ja baya, dole wata cikin ƙananan ta koyi shiga gaba.

Na ce, "Teofil, Malina ta tsufa. Ka ɗaure ta, baƙar karsanar nan ta koya."

Ya ce, "Ke ma kin tsufa, matar yaya. Wa ya ɗaure ki?"

Ya gwada sau ɗaya. Malina ta tsaya a bakin ƙyaure tana kuka, shi kuma ya tsaya a bayan rumbu yana fyace hanci. Ko rabin safiya bai kai ba ya kwance ta.

Sai ga jan fenti a jikin itatuwa. Wasu daga birni suka shata hanyar ƙafa ta kwanaki, ta bi ɗan tudun da ke ƙetare ta haura bakin kogi har gada, ta tsallako, ta gangaro ta gefenmu. Mutane suka fara zuwa da jakunkuna a baya, muka sa musu suna masu goyo. Hutu suka zo wai. Su kwana nan, gobe su kwana gaba, sauro ya yi musu kaca-kaca, takalma cike da laka, suna ta murna. Na gyara ɗakunan yarana ina saukar da su, ina ba su miyar kabeji da burodi da cuku. Teofil ya ce, "Waɗannan me suka yar a fadama da suke nema haka?" Amma duk ranar da nake da baƙi, da sassafe za ka gan shi ya aske gemu ya sa riga mai tsabta, don ya san kafin su ɗau hanya sai sun tsaya a gaɓa sun ga shanunsa.

Ƙarshen damina ta bara aka yi ta ruwa a can sama ba ƙaƙƙautawa. Kogi ya taso ya yi ja, yana tafe da rassa. Akwai wani turke a bakin mashayarmu, in ruwa ya rufe kansa ba a buɗe wa shanu ƙyaure, yaro ma ya san wannan. Turken ya ɓace, shanu suka zauna gida suna cin busasshiyar ciyawa.

A cikin kwanakin nan Danuta ta iso, ita da wasu masu goyo. Mace ce da ta fara manyanta, wanki take yi a wani asibiti a birni. Da ta cire takalmi sai da na ce wayyo, duk ƙafar ta saɓule. Na jiƙa mata ita a ruwan gishiri. Teofil ya shigo da cuku a ƙunshe, ya zauna a bakin murhu kamar gidansa. Ta ce shekara da shekaru hoton shanun nan yana manne a bangon ɗakin wankinsu, jikin wata tsohuwar kalanda, kullum tana kallonsa tana guga. Wannan ne hutunta na farko da ba jinyar wani ta yi da shi ba.

Na ce, "Ayya 'yar nan, kin zo a rashin sa'a. Ruwa ya yi yawa."

Ta ce, "Ba komai, Mama. Baba, don Allah kada a fitar da su saboda ni. Na ga kogin ma, ya ishe ni."

Ni na saba da mutanen birni, in sun ce a'a to a'ar ce. Teofil bai saba ba. A wurinmu baƙon kirki ba ya karɓar abu da fari, sai ya ƙi, a matsa masa, ya ƙi, a sake matsawa. Mai gidan da ya ji a'a ta farko ya janye hannu, ranar Lahadi da shi za a yi hira a ƙofar coci. Yadda Danuta ke ta roƙo a bari, haka shi kuma yake ganin tarbiyyarta, yana jin nauyin ya ƙaru a kansa. Na ga yana kallon ƙafarta a cikin kwano.

Da safe ina hura wuta na ji ƙarar ƙyaure. Na fito da gudu ko ɗankwali babu.

"Teofil! Ka haukace ne? Ina turke?"

"Ruwa ya ɗan ja."

"Ya ja a ina? A cikin kanka?"

"Baƙuwa ta tako da ƙafa har jini, matar yaya. Ta koma ta ce ta zo Sitowo an hana ta?"

Danuta ta fito tana ɗingishi tana cewa a mayar da su. Ya yi mata murmushi, ya ɗaga hula. Malina ta tsaya a bakin ruwa ta daɗe tana shinshina, ta waiwayo ta dube shi. Bai doke ta ba, Allah ya sani. Tafin hannunsa kawai ya ɗora a bayanta ya ce, "Je ki, 'yar tsohuwa." Ta shiga, 'yan matan suka bi ta.

Har tsakiya lafiya lau. Daga nan ruwa ya fi ƙarfinta. Ƙananan da sauran ƙarfinsu suka kutsa suka kama tsakuwa suka haye. Ita kuwa muna kallo ya wuce da ita ƙasa da mashigi, ya manna ta a gaɓar taɓo. Ta kafa ƙafafun gaba za ta hau, suka nutse. Ta yunƙura, na baya suka nutse.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Maza nawa suka rage a Sitowo? Tsofaffi ne, kowa da ciwon bayansa. Aka haye a kwalekwale da igiyoyi da katakai da tsohuwar ƙofar rumbu. Masu goyo suka ajiye jakunkunansu suka shiga laka har ƙugu, Allah ya saka musu. Aka yi ta ƙoƙarin zura igiya ta ƙarƙashin cikinta, hannu ba ya kaiwa. Zenon maƙwabcinmu ya kawo tarakta bakin gaɓarmu, aka ce a ɗaura a ƙaho a ja ta tsallaken ruwa, Teofil ya ce wuyanta zai karye. Mota ba ta shiga fadama, likitan dabbobi ya ce a waya ko ya zo ba abin da zai iya. Duk motsin da ta yi sai ta ƙara yin ƙasa. Da rana ta karkata laka ta kai mata kafaɗa, ta daina kuka, ta ɗora haɓa a kan ƙofar rumbun tana numfashi da ƙyar.

Zenon ya koma gida ya ɗauko bindigarsa ta farauta. Ni ina gaɓarmu, riƙe da Danuta. Na hango Teofil ya rarrafa kan katako ya cire hularsa ya rufe wa saniyar ido. Na juya baya. Ƙarar ta tayar da tsuntsaye daga cikin ciyawa.

Da ya sauko daga kwalekwale, laka har gashin kai, Danuta ta durƙusa tana kuka tana ba shi haƙuri. Ya dube ni ya ce, "An ba baƙuwa abinci kuwa?" Na so in zage shi, sai na tayar da ita muka nufi gida.

Da yamma 'yan matan suka zo bakin mashigi a ƙetare, hantsa cike, suka jeru suna kuka. Ba wadda ta sa ƙafa a ruwa. Ya yi kira har muryarsa ta dushe. Washegari haka, jibi haka. Sai ya koma hayewa da bokitai safe da yamma yana tatsarsu a can. Ruwa ya ja baya, turke ya fito, ba su shiga ba. Ya ɗaura wa baƙar karsana igiya Zenon na tura kwalekwale, ta turje ta fizge, saura ƙiris ta kifar da su, shi da bai iya iyo ba. Ga sanyi na matsowa, kuma in ruwan kaka ya zo fadamar nan gaba ɗaya takan zama tafki.

Ɗansa Mirek ya zo daga birni. Yaron kirki ne, bai ɓoye masa komai ba.

"Baba, a bi da su ta hanyar masu goyo har gada. Zan sa mai motar shanu ya jira a can. Akwai mai gonar da zai saya."

"A gada ai sai mu tsallako mu gangaro gida."

"Ku zo gida su ci me? Yashi? In ƙanƙara ta narke wa zai haye da su?"

Teofil ya murza hularsa. Can ya ce, "In ɗaya ta shiga da kanta kafin gada fa?"

Mirek ya dube ni, na kawar da kai. Ya ce, "In ta shiga ta haye, na sallami mai mota."

Na ce zan bi shi, don na san in ba ni ko burodi ba zai sa a baki ba. Ya ce, "Da waɗannan ƙafafun naki?" Na ce nasa ne na saurayi? Haka muka haye a kwalekwale muka ɗau hanyar jan fenti, tsofaffi biyu da shanu uku, ni da ƙunshin burodi da man alade da kokwamba mai tsami, shi da bokiti da sanda.

Tafiyar da masu goyo ke yi a yini mu sai da muka kwana a hanya, a wani gida da ke saukar da su, shanu a ɗaure a gindin itace. Laifinsa ne. Duk inda hanya ta matso kogi, in gaɓar na da ƙarfi, sai ya tsaya ya saki igiya ya koma gefe ya zauna, wai kada su ji idonsa a kansu. Su sha ruwa, su ɗago, su koma kan ciyawa. Ya ce, "Nan ruwan ya cika gudu, gaba akwai wuri mai kyau." Mu ƙara gaba. Gwiwoyina suna ihu, sauro na cin wuyana, ban ce masa komai ba, ni da ba a taɓa rufe min baki ba.

Mukan yi kiciɓis da masu goyo suna gangarowa. Wani saurayi da budurwarsa suka tsaya suka ɗaga waya. "Baba, waɗannan ne shanun da ke iyo?" Ya ce, "Su ne." Suka tambayi ƙarfe nawa ake shiga ruwan. Ya ce su gaida mutanen Sitowo.

Mun fara jin ƙarar motoci a kan gada lokacin da muka kai wani wuri mai yashi, ruwa kwance lumui. Baƙar karsana ta gangara. Ta shiga har gwiwa. Ta ƙara taku, ruwa ya taɓa cikinta. Teofil ya damƙe hannuna yana cewa a hankali, "Kar ki yi magana, kar ki yi numfashi." Ta miƙa wuya tana kallon ƙetare, kunnuwa a tsaye, sauran biyun sun taho bayanta. Ni da na ce a sayar da su tun tuni, sai ga ni ina roƙon Allah da duk waliyyan da na sani. Ta tsaya, ta tsaya. Sannan ta waiwaya hagu da dama tana neman wadda za ta bi, ta yi kuka sau ɗaya, ta juyo ta fito tana kaɗa jela.

Bai ƙara tsayawa ba har gada.

Mirek na can da mai mota, wani ƙaton yaro mai fara'a. An sauke katakon hawa. Shanun ba su taɓa taka kwalta ba, suka yi ta zamewa, sai da Teofil ya shiga gaba da kansa ya hau cikin motar sannan suka bi shi. Ya daɗe a ciki yana gaya wa mai motar wadda ke harbi in hannu da sanyi, da wadda ba ta son a fara da nonon hagu. Yaron yana ta cewa to Baba, to Baba. Da ya sauko aka rufe, ya dafa jikin motar.

"Can inda za ka kai su, akwai ruwa?"

"Sosai ma, Baba! Famfo ne har cikin garke. Da ta taɓa da hanci sai ya zubo, ko tashi ba sai ta yi ba."

Teofil ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, madalla." Ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa, ya tsaya riƙe da shi a bakin titi har motar ta sha kwana.