Ɓatan Watan Yaya Mazari

Yayata ba ta iya zama ba. Umma kan ce ko a goye ba ta taɓa yarda ta kwantar da kai ba, sai leƙe-leƙe da shure-shure. Da ta girma ta buɗe shagon ɗinki, mutanen layin suka laƙaba mata Mazari, sunan kuwa ya bi ta. Ni dai Yaya nake ce mata, ita ta ce min Auta, ko da yake autar nan yanzu 'ya'yanta uku.

Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kekuna biyu ne a ciki, na ƙafa da na lantarki, sai teburin yanka da alli ya cinye masa fuska, dogon madubi mai tsaga a kusurwa, da buhun ƙyallaye da ba ta taɓa yarda a zubar ba. A wannan ɗan wurin Yaya take tafiyar da ta fi ta ɗan aike. Ta taka keke, ta miƙe ta jona dutsen guga, ta leƙa waje ta yi wa mai wanki faɗan ruwan da ya kwararo mata ƙofa, ta dawo da allura a baki tana ba ki labari. Tef ɗin awo kuwa yana rataye a wuyanta tun safe, sau da yawa har gida take tafiya da shi.

Ta yarda da tef ɗin nan fiye da yadda ta yarda da mutane. "Baki na ƙarya, madubi na ƙarya," in ji ta, "tef ba ruwansa da kowa." Mace za ta shigo awo, Yaya ta zagaya mata shi a ƙugu, ta dubi lamba, ta dubi fuskar matar, ta ce ƙasa-ƙasa, "In bar miki wuri ko?" Matar ta sunkuyar da kai tana murmushi. Cikin mata nawa ta riga mazajensu sani, Allah kaɗai ya san adadi.

Nata ne bai zo ba. Ta haura shekara goma a gidan mijinta Injiniya, mai gyaran firji, mutumin da in ya faɗi kalma biyar a yini to ya yi surutu. Bai taɓa ɗaga mata murya a kan maganar haihuwa ba, kuma ina jin shirun nan nasa ya fi cin ta. Sun je asibiti a farkon auren, aka ce ba a ga komai ba, su yi haƙuri. Ita da hannu ta yi nata haƙurin. Duk rigar da ta ɗinka wa kanta sai ta bar yadi a naɗe ta ciki, gefe da gefe, kamar faɗin yatsu uku. Ban sani ba sai ranar da na ari rigarta na ji gefen da kauri. Da na tambaya ta fizge rigar, ta ce in ba zan sa ba in ajiye mata abinta.

Ranar da ta kira ni a waya ta ce in zo shago yanzu-yanzu, tukunya na baro a wuta. Na same ta ta ja labule, ta tara rigunanta a kan teburin yanka, tana farke gefensu da reza.

"Yaya, lafiya?"

"Turo ƙofar." Ta matso har ina jin hucin numfashinta. "Auta, na yi ɓatan wata. Na biyu ke nan ban ga al'ada ba."

Na rungume ta, muka yi kuka muka yi dariya, na taka mata riga ɗaya ta zage ni. Da na dawo hayyacina na ce bari in ruga kantin magani in sayo abin gwajin fitsari, yanzun nan mu tabbatar.

"Ba na so."

"Don me?"

"Ni da nake gane na mutane da tef, nawa ne sai an tsoma tsinke a fitsari? Ki rufe bakin nan naki, kada ki jawo min."

Na ce mata tef ɗinta ba likita ba ne. Ta ce ni kuma ba uwarta ba ce. A haka muka rabu, ina jin haushi ina jin daɗi.

Ta faɗa wa Injiniya. Washegari da rana bawan Allah ya shigo shagon da akwatin aikinsa, ya gyara fankar da ta shekara tana juyawa in ta ga dama, sannan ya durƙusa ya cire bel ɗin keken ƙafa ya sa a aljihu. Wai kada ta ƙara takawa. Daga ranar kullum sai ya biyo da ruwan sanyi da lemo ya ajiye, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta. Har fito na taɓa ji yana yi.

Ni kuwa duk zuwan da na yi sai na koma da damuwa. Ciki uku na yi, na san kalar laulayi, wannan bai yi kama da shi ba. Yaya na cin abinci kamar gara, amma ƙashin wuyanta sai fitowa yake. Fanka na kaɗawa, ita tana jiƙe sharkaf da zufa. Ta ce zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu, barci kuma sai dai ta ga wasu na yi. Rashin zaman da muka saba da shi ya ninka, faɗa kuwa har da ƙudan da ya sauka a kan yadi. In na yi magana sai ta ce kowane ciki da irin nasa. Wa zai ga laifin kowa? Mutumin da aka sani da rawar jiki tun yana goye, in ta ƙaru ba mai cewa ciwo ne, sai a ce hali.

Kullum da safe kafin ta buɗe shago sai ta auna ƙugunta. Lamba ta ƙi hawa, sai ma sauka take. Ta ce tef ɗin ne ya tsufa ya miƙe, ta sayo sabo. Sabon ma ya faɗi abin da tsohon ya faɗa, ta jefa shi cikin buhun ƙyallaye ta ce jabu aka sayar mata. Ana haka wuyan rigunanta ya fara shaƙe ta. Nan ma ta samo mai laifi: ta fita ta wanke mai wanki tas, wai yana jiƙa mata kaya a ruwan zafi suna tsukewa. Ta dawo ta ɗauki almakashi ta faɗaɗa wuyan kowace riga ta sake kalmashe shi.

"Yaya," na ce, "wane irin ruwan zafi ne yake tsuke wuya ya bar jiki yana lilo?"

"Fita min daga shago."

Na fita, na yi kwana biyu ban leƙo ba don zuciya. Da na dawo, an shiga wata na huɗu, na tarar da ita zaune a ƙasa tsakanin kekunan biyu, yadin wata kwastoma a cinyarta, almakashi ya yi masa wata muguwar karkata tun daga kafaɗa. Ta ɗago min hannuwanta. Rawa suke yi, ba ƙaƙƙautawa.

"Tun safe nake neman kafar allura, Auta. Na kasa zura zare."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na san in na ce ba ciki ba ne ko da igiya ba za ta bi ni asibiti ba. Sai na ce, "To in cikin ne, shi ba shi da hakki a duba shi? Wata huɗu ba awo, ba magani, haka kike wa kwastomominki nasiha?"

Ta ture yadin gefe. Can ta ce in miƙo mata mayafinta.

A asibiti ba ta zauna a benci ba. Ta auna barandar nan da ƙafa daga ƙofar ɗakin likita zuwa famfo, ta dawo, ta sake komawa, har wata tsohuwa ta ce, "'Yata, jiri kike sa ni." Aka yi gwajin fitsari, aka yi hoton ciki. Likitar mace ce mai ƙaramar murya, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Babu ciki."

Yaya ta dafe gefen tebur. Na yi zaton za ta yi ihu, amma a hankali ta yi magana.

"To ina jinin ya tafi? Ko ya ɗauke ke nan? Likita, ki faɗa min gaskiya, na gama?"

"Ban ce ba. Ba ciki kaɗai ke tsayar da al'ada ba, kuma ba shekaru kaɗai ba. Damuwa na tsayar da ita, rama ko ƙiba farat ɗaya, shayarwa, allurar tazarar haihuwa, wani lokaci matsalar ƙwan mace. Shi ya sa muke fara gwada ciki, in babu, kuma an kai wata uku shiru, sai mu nemi dalili. Miƙo hannuwanki."

Ta ɗora mata fallen takarda a bayan hannu, takardar ta kama karkarwa. Ta riƙe tsintsiyar hannunta tana duban agogo. Sannan ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiye, ita kuma ta zagaya ta baya tana lalubar gaban wuyanta.

"Kin lura wuyanki ya ƙaru?"

Yaya ta saci kallona. "Rigunana sun matse ni a nan," ta ce. "Na ɗauka wanki ne."

Likitar ta ce akwai wani ɗan nama a gaban wuya, wanda in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo, shi ke saita saurin aikin jiki. In ya wuce gona da iri sai zuciya ta yi ta gudu, hannu ya yi rawa, mutum ya ci ya rame, al'ada ta ragu ko ta tsaya. Tana zargin shi ne, amma sai gwajin jini ya tabbatar.

Da muka fito, Injiniya na tsaye a bakin get, hannunsa duk baƙin mai, daga wurin aiki ya taho. Yaya ta tsaya nesa da shi kaɗan ta ce, "Babu." Ya dube ta, ya dubi rigar da ke lilo a jikinta. Ya ce, "To. Ke fa, me suka ce game da ke?" Wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙin gani.

Gwajin jini ya tabbatar da zargin likita. Ta rubuta ƙwayoyin da za a sha kullum, ta ce tafiya ce mai tsawo, za a riƙa sake gwajin jini, kuma kada ta kuskura ta daina sha don ta ji sauƙi. Ta ce maganar ciki a dakata sai jiki ya daidaita, in kuwa ta yi zargin ya shiga ta zo a ranar, don akwai maganin da ake canzawa. Yaya duk ba wannan take saurare ba.

"Jinin zai dawo?"

"Ina sa rai sosai. Alkawarin haihuwa ne ba zan yi miki ba, wannan ba a hannuna yake ba."

Sai aka koma wani jiran. Rawar hannu ta lafa, zufa ta ragu, barci ya dawo, ta je ta ba mai wanki haƙuri a tsaitsaye kamar wadda aka aiko. Amma wata ya kama ya mutu, wani ya kama, shiru. Ta shiga banɗakin bayan shago ta fito, ta ɗinka hannu ɗaya na riga ta sake shiga. In na kira ta a waya ba ta bari in gama sallama. "Babu labari," ta ce, ta kashe. Na san abin da take lissafawa, shekarunta take lissafawa. Ni ma na daina samun sukuni, ina tuƙa abinci ina kallon waya.

Wata ranar da la'asar ina shanya a tsakar gida sai ga ta ta faɗo ba sallama, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Auta, ba ni audugar mata. Na zubar da tawa tuntuni."

Na watsar da kayan shanyar a ƙasa na ɗauko mata. Ta shige banɗaki ta ja ƙofa. Na ji tana dariya, irin dariyarta ta da, mai ƙarfi, har yarana suka leƙo na kore su. Sai dariyar ta yanke. Na jingina da ƙofar, na ji sautin ya canza.

"Yaya, murna ce ko mene ne?"

"Ni ma ban sani ba." Ta ja hanci. "Jinin nan shekara da shekaru ina tsine masa duk wata. Na dawo ina roƙon Allah ya kawo shi. Ga shi ya zo, kuma abin da ya saba faɗa min shi ya zo faɗa min: babu."

"Amma ba ki gama ba, Yaya. Da sauranki."

"Da saura," ta ce.

Na ce bari in kira Injiniya in yi masa albishir. Ta buɗe ƙofar da sauri ta riƙe min hannu, idonta jawur.

"A'a, ni zan faɗa masa. Ki dai bar ni in ɗan tsaya a nan tukuna. Ban san da wace fuska zan shiga gidan ba."