Sunan 'Yar Fari

Shekarar da maigidana ya shiga rubutun digirinsa na uku, talabijin ta zama tawa. Shi yana ɗakin karatu na jami'a har sai an kore shi. Ni kuwa in na tashi daga shagon gyaran tufafi da nake wa ɗinki a Elm Street, a garin Greensboro na Amurka, na sauka daga bas, na ɗora tukunya, sai in miƙe ƙafa. A haka na ci karo da wani shirin barkwanci da ake nunawa mako-mako bayan magariba, na wasu 'yan mata 'yan asalin Asiya da aka haifa a Amurka. Iyayensu sun zo da harshensu da abincinsu da dokokinsu, su kuwa 'yan matan sun tashi suna son abin da 'yan ajinsu ke so. Kullum sai an yi rigima, kullum kuma a kan teburin cin abinci take ƙarewa.

Na so shirin nan ƙwarai. Ban taɓa ganin uwa a talabijin ɗin ƙasar tana Turanci mai gargada irin nawa ba, kuma ba a mai da ita sakarya ba. Babbar 'yarta ce ta fi burge ni, bakinta kamar reza, amma ko a tsakiyar faɗa sai ta tuɓe takalmi kafin ta shiga gidan uwarta.

Kowa da ra'ayinsa a kai. Mai shagonmu, wata dattijuwa 'yar Koriya, cewa take yi duk ƙarya ce, babu gidan da ake dafa shinkafa haka, kuma ita kam, da 'yarta ce ta yi mata wannan tsiwa da tuni labari ya sha bamban. Amma ranar shirin tun la'asar take fara kallon agogo, mu ma mu samu tashi da wuri. Hajiya kuwa, maƙwabciyarmu ta sama, 'yar Damagaram mai jinyar wata tsohuwa a unguwar Irving Park, a falona take kallo don tata talabijin ɗin ba ta kamawa sosai. Rabin Turancin ba ta ji, amma ba ta taɓa rasa hukunci ba. Uwar ce dai mai gaskiya kullum, tun kafin a ji laifin.

Ta ukunmu a falon ita ce babbar 'yata. Shekarunta goma sha uku a lokacin, tana goye muka zo da ita daga Zariya. Hausa tana jin ta tsaf, amma in ka yi mata, da Turanci take mayarwa. Ta fara yi mini nisa, daga makaranta sai ɗaki, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. Shirin nan ne kaɗai yake zaunar da ita kusa da ni. Ba ta dariya da ƙarfi, kallo take yi kamar mai ɗaukar darasi.

Wani mako, babbar yarinyar shirin ta faɗi jarrabawar tuƙi. Uwar ta wuni tana yi mata faɗa, can daga ƙarshe ta ajiye mata kwanon miya a gaba, ta kira sunanta a hankali. Hajiya ta tafa hannu.

"Bon, to, yau kam ta ba ni kunya. 'Yar fari ce fa, take rangaɗa mata suna kamar mai kiran ɗan tasi."

Na yi dariya har da buga cinya. 'Yata ba ta yi ba. Ta ce da Turanci, idonta a kan talabijin, ai nan ne wurin da ya fi daɗi a shirin duka. Sannan ta ce ko ba komai waccan uwar ta san sunan 'yarta. Ita tun da take ba ta taɓa jin nata a bakina ba, daga "ke" sai "waccan", alhali ƙanwarta ana kiran ta har maƙwabta sun haddace.

Da farko raina ne ya ɓaci, sai kuma jikina ya yi sanyi. A Zariya babu mai koya wa yaro wannan, gani yake yi a kowane gida: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ni ma uwata ba ta taɓa kiran nawa ba, kuma alfahari nake yi da hakan. Amma a Greensboro a gidan wa yarinyar nan za ta gani?

Hajiya ta ce a bar ta da ita. Ta gyara zama ta yi bayani da Hausa tiryan-tiryan, da ta zo kan kalmar kunya kuwa, sai ta ga ya kamata ta taimaka wa yarinya da Turanci.

"Kunya ce, 'yata. Shame. Mamanki tana da shame a kanki."

Na ga fuskar yarinyar ta canza. Ta tambaye ni a hankali ko abin kunya ce ita a wurina. Kafin in haɗa Turancin da zai raba kunyar kara da kunyar abin assha, ta tashi ta shige ɗaki. Hajiya ta dube ni ta ce, "Me na ce?" Har yau ban san kalmar da ya kamata ta faɗa ba, maigidana ma da yake ta tara digiri bai samo ta ba.

Washegari da safe ta gaishe ni a tsaye, ta ɗauki jaka ta fita, ta bar abincin makarantarta a kan tebur. Na bi ta da shi har filin ajiye motoci. Ta yi nisa, ta kusa kaiwa inda yara ke jiran bas. "Ke!" na ce. Ta ji ni sarai, ba ta waiwayo ba.

Sai dabara ta zo mini. Malamanta suna da yadda suke murɗe sunan, su ja tsakiyarsa su haɗiye ƙarshensa, har ya zama wani abu daban. Na ce a raina ai wannan ba shi ne sunan da aka raɗa mata ba, babu kunya a kansa. Na ɗaga murya na kira ta da shi, da hanci, yadda suke yi.

Ta tsaya cak. Ta juyo ta tako har gabana, tana danne dariya, idonta kuma ya cika. Da Hausa ta yi magana, Hausarta mai ɗan karkata.

"Mama, ba haka ake faɗi ba."

Na dubi tagar Hajiya, labule a sake. Na faɗe shi daidai, ƙasa-ƙasa, yadda kakarta ta faɗe shi ranar suna.

"Ban ji ba," in ji ta.

Ta ji, 'yar nema. Na sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Bas ɗin makaranta ta yi ham sau biyu ta gaji ta tafi, mu kuwa muna tsaye da ledar abinci a tsakaninmu. Ranar da bas ɗin gari na kai ta, ta zauna a gefena, kuma duk hanya ba ta saki bakin mayafina ba.