Kwana Goma Sha Ɗaya Babu Wuta a Gidan Desanka

A layinmu da ke bayan tsohuwar masaƙa a garin Ivanjica, babu mai sayen makamashin hunturu bai fara biyawa ta ƙofar Desanka ba. Shekara talatin da biyu ta yi tana ɗinki a masaƙar kafin a rufe ta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Sunana Stana, katanga ɗaya ce tsakanina da ita, shi ya sa na san yadda aka yi tela ta fi kowa sanin murhu a unguwar nan.

Da can itace suke ƙonawa ita da mijinta Obrad. Shi ke faskare tun watan Agusta, ita tana jerawa a rumfa. Da ciwon ƙirji ya kama shi, gatari ya gagare shi, sai ga Velizar mai shagon murhuna a bakin kasuwa. Ina gidan ranar da ya zo. Ya zauna a kicin, ya sha kofi biyu, ya cinye rabin farantin cuku.

"Goggo Desa, duba nan," in ji shi. "Itace yana son hannu, Kawu kuma ba hannun. Kwal zai baƙanta miki labule ya ƙara masa tari. Lantarki kuwa, fanshonku gaba ɗaya ba zai kai ku Fabrairu ba. Pelet shi ne magana. Dusar katako ce aka dunƙula ƙanana kamar wake, ki juye buhu, ki danna, gida ya yi ɗumi."

"In ya lalace fa?" Obrad ya tambaya.

"Haba Kawu! Ni ina ina? Ga takarda. Dinari dubu goma sha biyu a shekara, in share sau biyu, in ya tsaya kuma kafin kwana ɗaya ina ƙofarku. Sharaɗi ɗaya ne, a wurina za ku riƙa sayen pelet, don na wasu yana ɓata murhu."

Suka sa hannu. Shekara uku suna biya ba fashi.

A shekara ta uku, kwana biyu bayan Kirsimeti, sanyin da ya sauko har ruwan famfon tsakar gida ya daskare. Murhun ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu. Desanka ta kira Velizar, ya ce gobe da safe. Washegari ta kira, ya ce yana hanya. Rana ta uku ya ce motarsa ce ta ƙi tashi. Daga nan ya daina ɗaga waya. Ta so ta kira wani mai gyara, amma takardar ta ce in wani ya taɓa murhun, yarjejeniya ta rushe.

Na roƙe su su dawo gidana. Obrad ya ƙi. "Stana, na biya kuɗin ɗumi a gidana," ya ce da ni, yana cikin bargo uku, "ba zan je in kwanta a falon mutane kamar ɗan gudun hijira ba. Yaron nan zai zo." Na kai musu ƙaramar hita ta lantarki, tana ɗumama ƙafa ɗaya ta bar ɗaya. Kwana na shida bututun ruwan ɗaki ya fashe. Kwana na tara aka ɗauki Obrad zuwa asibiti, numfashi yana yi masa wuya.

Kwana na goma sha ɗaya Velizar ya iso. Minti goma ya yi. Wani ɗan ƙarfe mai kunna wuta ne ya ƙone, bai fi tsawon yatsa ba. Ya canza shi, ya goge hannu, ya ce dinari dubu shida.

"Ba na biya kuɗin shekara ba?"

"Goggo, karanta ƙasan takardar. In danshin pelet ne ya jawo, ba ya ciki."

"A wurinka na saya."

"To ai ajiyar taki ce."

Ta biya shi. Bayan kwana huɗu Obrad ya rasu. Velizar ya zo jana'iza da baƙin kwat, ya rungume ta, ya zauna ya ci gasasshen nama har da ƙari. A wurin cin abincin nan ne wani direba ya faɗa, ba da wata manufa ba, cewa duk makon sanyin yana ganin motar Velizar a kan dutse, inda masu kuɗin Belgrade ke gina gidajen hutu.

Sai da aka yi addu'ar arba'in Desanka ta nemi lauya. Lauyan da ta gani ya karanta takardar ya ce ba ta da ƙara. Washegari na shiga na tarar ta shimfiɗa jarida a ƙasan kicin, ta kwance murhun gaba ɗaya, ta jera kayan cikinsa kamar yadda take jera yankan riga.

"Desa, kin haukace?"

"Keken ɗinki ya fi wannan wuya," ta ce. "Miƙo min sukudireba."

Sau uku ta kwance ta mayar. Ta hau bas zuwa babban gari ta tambayi farashin ɗan ƙarfen nan, aka ce dubu ɗaya da ɗari biyar. Ta sayi pelet na mutum uku ta ƙona kowanne mako guda, tana duba tokar da ya bari. Na Velizar ya fi kowanne toka, ya fi kowanne tsada.

Ranar kasuwa ta tura buhunsa a amalanke har gaban shagonsa, ta ari sikelin mai cuku, ta ɗora.

"Velizar! Fito ka taya ni karatu, idona ya tsufa. Me aka rubuta a buhun nan?"

Ya fito yana murmushi. "Kilo goma sha biyar, Goggo."

"Sikeli kuma me ya ce?"

Mai cuku ta leƙa ta amsa da ƙarfi, "Sha uku da rabi!"

"Bushewa ya yi," in ji shi.

"Au! Da na zo biyan kuɗi danshi gare shi, yau kuma ya bushe? To Allah ya ba buhunka lafiya."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya matso ya ce a hankali, "Goggo, baƙin ciki ne ke damunki. Je ki gida ki huta."

"Ba ni da mai jira na a gida," ta ce. "Lokacina duk naka ne yanzu."

Haka kuwa aka yi. Kowace Satumba sai ta kafa kwali a ƙofarta, ta rubuta abin da gida mai ɗaki uku zai kashe a hunturu in itace ne, in kwal ne, in lantarki, in pelet ɗin wane, in na wane. Layin Velizar da jan alƙalami take rubuta shi. Ta riƙa bin gidaje da burushi da bokiti tana share wa mutane murhu. In an miƙo kuɗi sai ta ture. "Ba na so. Takardar da kuka sa wa hannu za ku ɗauko mu karanta ƙasanta tare." Ta nemo wani dattijo daga garin Arilje mai gyara, wanda sai ya zo ya yi aiki ake biyansa. Ta haɗa gidaje ashirin suka riƙa sayen itace mota-mota tun watan Mayu, lokacin da yake araha, har da mai inji da zai faskare wa tsofaffi.

Wata rana matar fadan cocinmu ta ce mata, "Desa, yafiya fa tana da lada."

"Ki yafe masa ke da bai kashe miki miji ba," ta amsa.

Gida sittin ke biyan Velizar kuɗin shekara a wancan lokacin. Cikin hunturu uku suka koma bakwai. Masu gidajen kan dutse sun gama gininsu sun samo kamfani daga birni. Ya sayar da mota, sannan ya rufe shago, wani ya mayar da shi wurin aski.

A Oktoban da ya biyo baya matarsa Zagorka ta zo ta tsaya a ƙofar Desanka, kanta a ƙasa. Ta ce ba su sayi komai na hunturu ba, ko za a sa su cikin masu itace.

"Ke ba ki yi min komai ba," in ji Desanka. "Ce masa ya zo da kansa ranar Asabar."

Ranar Asabar motar ƙarshe ta iso, duk layi ya fito ana sauke kaya. Velizar ya zo, ya rame, hularsa a hannu.

"Ina kake a makon da Obrad ke kwance cikin sanyi?" ta tambaye shi.

"Goggo, don Allah…"

"Ina kake?"

"Ina kan dutse."

"Injin nan ya hana ni ji. A kashe shi." Aka kashe. "Maimaita."

"Ina kan dutse ina aiki. Motata lafiyarta ƙalau. Ƙarya na yi miki."

Na zaci za ta yi kuka. Sai ta ce, "Na ji. Itace dai ya ƙare, kowane gungume da mai shi." Ta juya ta ce a tayar da inji.

Ni kam abin ya tsaya min a rai, saboda Zagorka tana riƙon jikoki biyu. Ranar Litinin na sa aka kai mata kashi ɗaya cikin uku na nawa ta bayan layi. Ban san wanda ya kai wa Desanka labari ba. Ta daina gaishe ni. In na leƙa ta katanga sai ta shige ɗaki. Har aka yi Ista ba mu yi magana ba.

Da Satumba ta zagayo, na ji ana buga ƙofa. Ita ce da burushi da bokiti. Ta wuce ni ba sannu, ta durƙusa gaban murhuna ta buɗe.

"Dubi ƙazanta," ta ce. "Ke dai Stana ba ki iya komai ba sai tausayi. Ɗora kofi, kada ki sa sukari."

Bana shekararta saba'in da huɗu. Velizar yana aikin gadi a wani wurin yankan katako. In sun haɗu a hanya shi ke tsallakawa ɗaya gefen, ita kuma sai ta tsaya cak ta bi shi da ido har ya sha kwana.