Ƙugiyar Jirgin Kawu

Garinmu yana bayan wani tabki a ƙasar Keita. In damina ta yi kyau, ruwan koramu ya sauko daga duwatsu ya taru bayan madatsar da muke ce wa baraji, sai hanyar kasuwa ta nutse har wata huɗu ko biyar. Wanda ba ya son zagayen yini guda a kan jaki, sai ya shiga jirgin kawuna. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya daɗe yana aikin jirgin ruwa can kudu, ya dawo gida da tsohon inji da ciwon gwiwa. Shi ke zama baya yana riƙe da inji. Ni kuwa da na dawo daga bida, wato ci-rani, hannu wofi, ga mata ga 'ya'ya uku, sai ya ba ni gaban jirgi, ya ba ni ƙugiya.

Ƙugiya muke ce wa ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya. Wani mai walda ya haɗa mana ita da guntun ƙarfen tsohuwar mota, ya lanƙwasa mata farata huɗu, ya sa gajeriyar sarƙa kafin igiya. Damina shida na yi ina ɗaga ta ina ajewa, har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka.

Kawu yana da doka a kanta. Duk sanda na jawo ta, sai na wanke laka kafin ta shigo. Sannan in kwantar da ita cikin rabin taya da muka kafa a goshin jirgi, farata suna kallon ƙasa, in ɗaure da roba ɗaurin da ja ɗaya ke warware shi. Igiya kuma in naɗe ta sannu-sannu cikin bido, wato jarka, da aka yanke wa kai, ƙarshenta ɗaure da zoben jirgi. Ba a zama a kai, ba a ɗora komai a kai. Wannan ta ƙarshe ita ta tsufar da ni. Mutanenmu manoma ne, in sun ga fili a jirgi sai su ga wurin kaya. Wani ya ɗora galan ɗin mai, wata ta aje ƙwaryar nono cikin igiya, akwai wanda ya taɓa ɗaure akuyarsa a jikin sarƙar. Sau takwas, sau goma a yini ina faɗin magana ɗaya, ga mutanen da suka san ni tun ina tsirara, kuma kowa in na hana shi sai ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

Wata ranar kasuwa, a tsallake na bakwai, wata dattijuwa mai sayar da busasshiyar kuɓewa ta zo da buhu biyu. Jirgi ya riga ya cika. Ta sa aka jibga su kan ƙugiya, ta zauna a kai.

Na ce, "Inna, nan wurin ba a aje kaya."

Ta ce, "To ina ni ka aje su, bisa kaina? Ƙarhen ga ciwo shi kai?"

Tun safe ban sa komai a bakina ba sai ruwa. Na buɗe baki zan sake magana, sai na ji ba ni da ƙarfinta. Na leƙa baya, mutane sun tare Kawu, ba ya ganina. Na ƙyale ta.

Muna tsakiyar ruwa inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Wannan ba sabon abu ba ne, yakan yi. Sai dai ran nan an yi ruwa a kan duwatsu, tabki ya cika yana malala ta bakin baraji, ga iskar gabas tana tura mu can. Inda ruwan ke zuba duwatsu ne a ƙasa. Kawu ya ja igiyar inji sau uku, shiru.

Ya ɗaga murya, "Jefa ta!"

Na ce, "Inna, tashi!" Ta tashi da ƙyar tana salati, jirgi ya karkata, mata suka yi ihu. Buhun farko na miƙa wa wani mutum. Na biyu bakinsa ya saƙale a farce, na fizge shi, kuɓewa ta watse cikin bido da ƙafafun mutane. Nauyin buhu ya danne naɗin igiya ya cuɗe shi. Da na jefa ƙugiya sai igiyar ta fita a dunƙule, ta tsaya a rabi, ƙarfen yana lilo bai kai ƙasa ba. Na durƙusa ina kwance ƙulli da yatsu da haƙora, ina jin ƙarar ruwan baraji tana ƙaruwa. Da ya warware, igiya ta zube ta cikin tafina da gudu ta kwashe fata. Sai jirgi ya yi wata girgiza, ya juya goshi ga iska, ya tsaya.

Babu wanda ya faɗa ruwa. Kawu ya kwance wani abu a inji, ya hura, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, inji ya tashi. Amma ƙugiya ta ƙi fitowa. Ta kama saiwar wata bagaruwa da ruwa ya cinye. Mu uku muka ja, Kawu ya zagaya da jirgi ta kowane gefe, ko motsi. Wani ya zaro wuƙa.

Kawu ya ce, "Maida wuƙarka. Ba a yanke igiya tau." Ya sa na kwance ƙarshenta daga zobe, na ɗaura mata bido mai murfi, muka bar shi yana yawo bisa ruwa.

Da muka sauke mutane, dattijuwar ta tsaya tana tsince kuɓewarta daga ƙasan jirgi tana yi mini faɗa. Kawu ya dubi hannuwana, ya ce, "Mi ag bisa ƙugiya?"

Na ce, "Kaya, Kawu. Na gaji da hanawa."

Ya ce, "Ni ma na gaji. Tahi likita a ɗaure maka."

Sauran daminar da dutsen niƙa muka ƙarasa a madadin ƙugiya, wanda matata ta daina aiki da shi. Ba ya kama ƙasa, ja kawai yake yi cikin laka, kuma ya fi ƙugiya nauyi. Kullum muna wuce bidon nan sau goma.

Sai da rani ya yi nisa ruwa ya janye daga wurin. Muka tafi da jaki da hauya. Kafin mu je har wani ya tayar da fangalin albasa kewaye da kututturen bagaruwar, bidon yana kwance a tsakiya. Mai gonar ya tsaya kanmu yana cewa mu kula da shukarsa. Kawu ya zauna a kan kunya saboda gwiwa, ni na yi ta haƙa tun hantsi har azahar, laka har cinya. Farce ɗaya ya miƙe, sauran lafiya. Na ɗora ta kan jaki, jakin ya ƙi tafiya, sai da na sauke sarƙar na rataya a wuyana sannan muka kama hanyar gida.