Kek ɗin kuskuren da Bodil ta saya, alhali laifin nawa ne

Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarfe bakwai saura kwata Bodil Thygesen take sauka daga bas a ƙofar ɗakin gwajin jininmu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ta rataye rigar ruwa, ta zuba kofi, ta buɗe baƙin allon kwamfutar nan nata da ba hoto ba ado, sai rubutu zalla. Kowace safiya injinan gwaji suna tara sakamakon jiya a fayil guda, layi kusan dubu tamanin, kowane layi mutum ɗaya ne. Da wani umarnin kwamfuta mai suna awk take ware wa kowane likita nasa, in kuma kason ya yi girma ta sa wani umarnin, split, ya datsa shi gunduwa-gunduwa. Kafin ta yanka sai ta ƙirga layukan, bayan ta yanka ta sake ƙirgawa, sannan ta karanta layin ƙarshe na kowace gunduwa da idonta. Mun yi mata dariya a kan wannan har mun gaji.

"Ke Bodil," in ji Preben shugabanmu, "kwamfutar ba ta iya lissafi ba ne sai kin taya ta?"

"Ta iya mana. Ku ne ban yarda da ku ba."

Ranar Juma'a za ta yi ritaya. A takardun aikinta kuskure ɗaya rak aka rubuta, kuma ba nata ba ne, nawa ne. Kunyar wannan ce ta sa ni, Asger, ɗaukar alƙalami.

Shekara takwas da suka wuce ta tafi hutun mako guda, ta bar mini aikin da kalmar sirrinta. Ina ji da sabon digiri, sai na ga tsohuwar hanyarta ba ta burge ni ba. Na canja kalma ɗaya, split ya daina yanka bisa adadin layi, ya koma yanka bisa nauyin fayil. Nauyi kuwa ba ruwansa da inda layi ya ƙare. Ya raba layukan mutum shida gida biyu, na'urar likitoci ta zubar da guntayen ba tare da ta ce uffan ba. Ni kuma ban ƙirga ba, don ƙirge aikin tsofaffi ne a ganina.

Ranar Litinin ta dawo, kofinta bai huce ba ta ga rabin layi. Jytte mai karɓar baƙi shaida ce, a tsaye Bodil ta kira likitocin ɗaya bayan ɗaya. Biyar ba abin da ya same su. Na shidan wani dattijo ne mai shan maganin tsinka jini, wanda ya kamata a rage masa tun Laraba. Kwana tara ya yi a gadon asibiti, Allah ya sa ya tashi.

Kowa ya san al'adarmu, wanda ya yi kuskure shi ke kawo kek. Ranar Talata sai ga Bodil da kek na kirfa.

"Bodil da kek ɗin kuskure!" Preben ya ce. "A sa a kalanda!"

"Ci ka yi shiru, kafin in mayar da abina."

Yanka biyu na ci. A wajen wanke kofuna na matsa kusa da ita, na ce, "Bodil, ni ne fa..."

"Na sani. Sunana ne a kai, ni na ba ka kalmar sirrin. Kuma saura wata guda a tabbatar da kai a aiki, ga matarka da tsohon ciki. Goge hannunka ka zo in nuna maka yadda ake ƙirge."

Na goge hannu, na bi ta, na kama bakina shekara takwas.

Bodil, ke ce mai ganin mutum a cikin layi, ke ce ba ki taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba. Marasa lafiya dubbai sun sha maganin da ya dace da su, ba su taɓa jin sunanki ba. Mun gode, ni kuma ki yafe mini. Ku da ke wannan sana'a, ku ƙirga kafin yanka da bayan yanka, in kuma kun yi ɓarna ku buɗe baki tun kek bai iso ba.

Na riga na kai wa Preben takarda a goge sunanta daga kuskuren a sa nawa. Jiya na gaya mata cewa ranar Juma'a ni zan kawo kek ɗin da ya makara. Ko ɗagowa daga allon ba ta yi ba.

"Na kirfa za ka saya," ta ce. "Kuma ka ƙirga mutane kafin ka yanka."