Gurbi na Biyar

Matso kusa, ja tabarmar nan, in ba ka labarin ƙofar da ɗiyata ta gina wa gidanmu, ba da laka ba, ba da itace ba. Ni dai ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ban cika fita ba, amma kunnena bai taɓa cin amanata ba. Abin da aka faɗa a gabana yana nan daram.

Gidanmu a unguwar Birni yake, cikin Damagaram, gidan kakanmu falke mai raƙuma. Ya mutu ya bar mata huɗu, kowace da ɗakinta, kuma har yau a danginmu ba a tambayar mutum ɗan wa ne, sai dai ɗan wane ɗaki. Ɗakin Gabas, Ɗakin Rijiya, Ɗakin Soro, Ɗakin Kurna. Da haka ake raba goro, da haka ake raba naman layya, da haka ake zama ranar biki. Mu ƴan Rijiya ne.

To, zuri'a ta watse, wasu Yamai, wasu Agadas, wasu har Faransa. Da yayanmu babba ya gama aikin gwamnati ya dawo Damagaram, sai ya ce gurup ɗin waya ya zama kasuwar Mirriya, kowa na surutu ba mai jin wani. Shi shafi yake so na dangi a intanet, a riƙa aika wa kowa labarin gida ta mel, cikin tsari. Ɗiyata ta karanci aikin ordinatar, wato kwamfuta, a jami'a, sai ya ɗora mata.

A ɗakina ta yi aikin, da la'asar, na'urar a kan kifaffen turmi. Abin da ya fi cin ranta shi ne formiler, wato ƴar takardar da mutum zai cike a shafin kafin a fara aiko masa da labari. Ta ce, "Inna, baƙo in kika tsare shi da tambaya a bakin ƙofa, juyawa yake." Don haka abu uku kawai ta sa: suna, gari, adireshin mel. Ta yi masa launin jar ƙasa irin ta bangonmu, ta ɗora hoton zauren gidan da zanensa a sama. Maɓallin ƙasa ta rubuta masa "Shigo gida". In ka danna, sai ya amsa maka, "Sannu da zuwa, ɗan gida." Wallahi har hawaye na yi.

Yaya ya zo ya gyara tabarau ya duba. Ya ce ya yi kyau, amma ina ɗaki? Gidanmu ba a shiga ba ɗaki. Ya sa ta ƙara gurbi huɗu, mutum ya zaɓi ɗaya, da wani ɗan jan tauraro a gefe, alamar dole ne.

Yanzu bari in gaya maka wace ce Gwaggo. Uwarta kakanmu ya zo da ita daga wata tafiya tana ƙaramar yarinya, a ɗaure a saman kaya tsakanin fatu da kanwa. Akwai kalmar da ake kiran irinta da ita. Ba ma faɗinta a gidanmu, amma kowa ya san ta. An haifi Gwaggo a ɗan ɗakin da ke jikin madafa, a nan ta tsufa. Ita ta goye Yaya, ita ta goye ni, ita ta yi min wankan jego. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, yana gyaran injuna a Kwatano, ya daɗe bai zo ba.

Ranar da aka tara dangi bayan sallar Juma'a don buɗe shafin, sai ga ta da sandarta. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata ƴar takarda da aka rubuta mata adireshin ɗanta.

"Ke ƴar boko, an ce kin buɗe ƙofa. Sa min yarona ya riƙa jin motsinmu."

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ke ma kin waye? Kawo in gani."

Ɗiyata ta rubuta suna, ta rubuta gari, ta rubuta adireshi. Da ta zo kan ɗaki sai hannunta ya tsaya. Ta tsallake ta danna maɓallin. Abin ya yi ja, ya ƙi.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Rezo ne, Kaka, layin intanet ɗin. Ba ya da ƙarfi."

Matar Yaya ta leƙo ta saman kafaɗarta. "Wane rezo? Ɗaki yake tambaya. A ƙara masa madafa mana, sai ta zaɓa."

Aka kwashe da dariya. Gwaggo ma ta yi, ta fi kowa yi, tana rufe baki da gefen mayafi.

Na ce, "Sa shi a namu na Rijiya, ai nononmu ɗaya da shi, tuwonmu ɗaya."

Yaya ya ɗaga hannu. "A'a. Abin da aka rubuta ba ya gogewa. Gobe in maganar gidan nan ta taso, sai wani ya ce ga shaida, shi ma jini ne."

Nan take ya yanke yadda za a yi. A ƙara gurbi na biyar, a sa masa "Masu alaƙa da gida". Su ba za a aika musu labarin aure da suna da taron dangi ba, wannan na jini ne. Rasuwa kawai, don su samu ladan ta'aziyya. Kuma kada ya ce musu ɗan gida, "Mun gode" ta isa.

Ɗiyata ta ce, "Kawu, ita fa ta goye ka."

"Jaki ma ya ɗauke ni ina yaro, ban taɓa ce masa baba ba. Yi abin da aka sa ki."

Ana cewa Gwaggo ba ta ji sosai. Ni da nake kusa da ita na ga yadda yatsunta suka matse kan sandar. Ɗiyata ta shiga danna maɓallan na'ura. Da aka gama, Gwaggo ta ce, "Sa shi nan ɗin, ƴar nan. Ko mutuwa ce, ai labarin gida ne." Ta roƙa a bar ta ta danna da kanta. Aka kama yatsanta mai lalle aka ɗora a kan "Shigo gida".

"Karanta min abin da ya ce."

"Ya ce sannu da zuwa, ɗan gida."

"Kai, yaran zamani da ƙarya," in ji matar Yaya. "Mun gode ya rubuta, ga shi nan ƙuru-ƙuru."

Gwaggo ta ce, "To, ai godiya ma abu ce." Ta tashi ta tafi duba tukunya.

Shekarar nan ta zo mana da alheri. An yi aure, an yi sunaye, ba wanda ya ko kwanta asibiti. Kowane biki Gwaggo ce a bakin murhu tana nuna wa yara yadda ake tuƙi, kuma in an watse sai ta biyo ɗakina ta tambayi ɗiyata, "Ya kai masa?" Yarinya ta sunkuyar da kai. Wata rana na ji Gwaggo a waya da ɗanta, yana tambayar me ya sa bai taɓa ganin komai ba. Ta ce masa, "Yi haƙuri, rezo ne. Ba ya da ƙarfi a nan."

Da bazara ta rasu, da hantsi, ba ta wahalar da kowa ba. Muna ciki muna yi mata wanka, Yaya na zaure da na'ura. Sai da muka sa ta a likkafani na wanke hannu na kira Kwatano, ina ta juya maganar da zan fara da ita. Ya ɗauka tun kafin wayar ta yi ƙara biyu.

"Na gani, ƴar'uwa," ya ce min. "Saƙo ya zo. Na farko ke nan."

Ya karanta min shi a hankali, ba kuka. An rubuta cewa Allah ya yi wa tsohuwar mai hidimar gidanmu rasuwa. Ko Gwaggon ba a sa ba. Sannan ya tambaye ni, wannan ɗan rubutun na can ƙasa, mai cewa a danna in ba a son ƙarin saƙo, yana aiki kuwa? Na tambayi ɗiyata, ta gyaɗa kai.

Bayan sadakar bakwai ta buɗe na'urar ta ga gurbi na biyar ba kowa. Dama shi kaɗai ne a ciki. Da ta gaya wa Yaya sai ya ce, "To a goge shi, yana ɓata tsari."

Yanzu in ka shiga shafin, ɗakuna huɗu ne reras, ga zaure, ga jar ƙasa. Har wasu gidaje daga garin Dogo sun aiko a yi musu irinsa. Ɗan ɗakin jikin madafa kuwa gawayi ake zubawa.

Kai da ka saurare ni har nan, da yatsanka aka kama ranar nan, wane ɗaki za ka danna mata?