Kwantenar Shara a Ƙofar Ticha

A shekarun da na yi ina ladanci a masallacin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, duk wata sanarwa ta bakina take bi. Idan ƙaramar hukuma ta aiko wa mai unguwa da saƙo, sai ya kira ni ya faɗa mini, ni kuma in faɗa bayan sallar La'asar. Rigakafin yara, tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, ranar feshin sauro, duk haka ake yi. Na'urar masallacin tana da makunni biyu. Ɗaya na ƙaramar lasifikar ciki ne, ɗaya na babbar da ke saman rufi, wadda mata a gidaje da masu shaguna suke ji.

A ƙarshen layin akwai gidan wani malamin makaranta da ya yi ritaya, Kirista ne mutumin Filato. Ticha muke ce masa, matarsa kuma Madam. Sun riga ni zuwa layin. Ba ya shiga masallaci, amma babu wanda ya kai shi sauraron babbar lasifikar. In na sanar da rasuwa, zai fito ya tsaya gefe har a ɗauki gawa. In na sanar da yashe kwata, shi ne farkon fitowa da shebur.

Wata shekara aka ba layinmu kwantenar shara, irin babbar nan ta ƙarfe da mota ke zuwa ta kwashe. Duba-garin da ya kawo saƙon ya ce mutanen layi su zauna su zaɓi inda za a ajiye ta, amma sai wurin da mota za ta iya juyawa. Ranar da zan sanar da taron babu wuta, batirin masallaci kuma ya mutu. Na miƙe na faɗa da baki, waɗanda ke sahu suka ji, Ticha bai ji ba. Wannan karon ban yi da gangan ba.

Washegari muka taru a ƙofar mai unguwa. Wuri biyu kawai mota za ta iya juyawa, jikin katangar gidana da jikin katangar Ticha. Na yi sauri na ce gidana ya yi kusa da masallaci, wari zai dami masu sallah. Aka yi ta gyaɗa kai. Sai wani tela da ke da shago a tsakiyar layin, mutum mai son ba da dariya, ya waiga dama da hagu ya ce, "To, wa ba ya nan?"

Aka yi dariya, aka tashi. Da haka aka zaɓi wurin.

Ticha ya dawo daga kasuwa wata rana ya tarar da kwantenar a ƙarƙashin tagar ɗakin kwanansu. Da farko bai ce komai ba, tun da motar tana zuwa. Amma layuka uku ne suka koma zuba shara a nan, kafin motar ta zagayo ta cika ta tumbatsa. Mutane suka fara juyewa a ƙasa. In tarin ya yi yawa sai wani ya cinna masa wuta, leda da tsumma da roba su yi ta ci a hankali, hayaƙin yana bin katanga yana shiga tagar. Madam kuma tana da ciwon asma. Kowa a layin ya san haka, don mun sha ganin ta tsaya a hanya tana fesa maganinta a baki.

Kullum da safe Ticha zai fito da bokitin ruwa ya kashe wutar, ya sa shebur ya mayar da abin da ya zube. Wata yamma ya zo majalisarmu ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Jama'a, alfarma na zo nema," in ji shi. "A daina sa wuta. Madam ba ta iya numfashi."

Telan ya ce, "Ticha, ai kai ka more. Mu sai mun yi tattaki, kai ko daga taga ka miƙo hannu ka zubar."

"Ban zo wasa ba, Malam."

"To ka sa wa sharar doka mana, kamar 'yan ajinka. Wadda ta kama da wuta ka ba ta gwale-gwale."

Na yi dariya tare da su. Ina tuna Ticha ya dube ni ni kaɗai, sannan ya ce a tashi lafiya.

Daga baya ya tafi sakatariya da kansa. Suka saurare shi, suka ce mutanen layi ne suka zaɓi wurin, amma duba-gari zai dawo ya ji ta bakin kowa, in da hali a sake wuri. Ranar zuwan kuma ta hannun mai unguwa za a aiko. Daga can gidana ya wuto, ya same ni a zaure.

"Ladan, kai ne kunnena a layin nan," ya ce. "In saƙon ya zo ka ɗaga murya sosai. Ko asibiti za mu je, zan ɗaga."

Na ce, "In sha Allahu, Ticha. Kada ka damu."

Da ya fita na leƙa katangata. Na san in an ɗauke kwantenar daga ƙofarsa babu inda za ta sai nan. A nan matata take shanya, a nan nake shimfiɗa tabarma in zafi ya yi yawa.

Saƙon cewa duba-gari zai zo Talata da hantsi ya iso mini wata rana da safe. Ranar akwai wuta. Bayan sallame La'asar na miƙe, na kunna lasifikar ciki, na bar ta waje a kashe, na faɗi sanarwar da muryar da ba ta wuce ƙofa ba. Ba wanda ya sa ni. Muna sa takalma telan ya matso kusa da ni ya ce, "Ladan, yau ta saman mura take yi ne?" Ya ƙyalƙyale, ya wuce. Wasu ma sun lura, kuma duk sun bi ta ƙofar Ticha a hanyarsu ta gida, babu wanda ya ƙwanƙwasa.

Talata ranar ganin likitan Madam ce, da sassafe na ga sun hau adaidaita. Duba-garin ya zo a kan babur, ya tambayi mai ƙorafin. Mai unguwa ya juyo ya ce, "Ladan, an sanar?"

Na ce, "An sanar, ranka ya daɗe."

Mutumin ya je ya buga ƙofar Ticha da kansa, ya jira a rana, yana toshe hanci. Ya dawo ya tambaya ko akwai mai ganin a sake wuri. Babu wanda ya goyi baya. Ya ce to shi ba zai canza abin da jama'a suka zaɓa ba alhali mai ƙorafin bai tsaya ba, ya hau babur ɗinsa.

Damina ta shigo, sharar ta jiƙe, wutar ta daina ci sai turnuƙewa. Ticha ya toshe tagar da kwali da leda, ɗakin ya zama ba iska. Suka koma kwana a falo, hayaƙin ya bi su. Madam ta daina fitowa. Sau da yawa in na fito kiran Azahar nakan ji tarinta ta bayan katanga, irin wanda mutum ke yi kamar ba zai dawo ba. Aka kwantar da ita a asibiti, aka sallamo ta, aka sake mayar da ita. Likita ya ce ko dai hayaƙin ko ita. Suka sa gidan a kasuwa.

Ranar da za su koma Filato na je taya su loda kaya, don mai unguwa ya ce a je. Ticha yana ɗaure katifa a saman mota, na kama masa ɗaya bakin igiyar. Bai dube ni ba ya ce, "Na ji mutanen sakatariya sun zo wata Talata."

"Sun zo."

"Ranar da aka ba ka saƙon akwai wuta. Madam guga take yi da La'asar."

Ya ja igiyar ya ƙulle.

Aka fito da Madam, an riƙe ta, ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Ta rufe hanci da gefen ɗankwali har ta wuce kwantenar. Da ta gan ni ta tsaya ta huta, sannan ta ce, "Malam Ladan, Baban yara ya ce ka yi masa alkawari za ka taimaka. Allah bai nufa ba. Mun gode da ƙoƙari. A gaida Hajiya."

Na kalli Ticha. Ya buɗe mata ƙofar mota, ya gyara mata matashi a baya, ya zagaya ya shiga. Na ce Allah ya kiyaye hanya, direban ne ya amsa.